Mai Gadi Da Magini: Batun Horar Da Masu Tsara Tsaron Na'ura

A farkon shekarar 2023, bayan canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuyar gani, har fatake da attajirai waɗanda dā ba su yarda da ciniki sai hannu da hannu suka koma karɓar kuɗi ta waya bisa tilas. Daga Kantin Kwari har Dawanau, bandir na yadi da buhun hatsi suka riƙa fita bisa ga saƙon da ya shigo waya. Tsabar kuɗi ta komo daga baya, amma al'adar ta zauna. Yau dukiyar mutum mai yawa ba ta cikin akwatin ƙarfe, tana cikin lissafin da na'urorin banki ke riƙe. Malamin tsangaya ma, abin da iyaye ke aikowa daga nesa domin almajirai, galibi ta nan yake biyowa. Saboda haka tambayar wane ne ya tsara waɗannan na'urori, kuma a gaban wa ya koyi aikin, ta shafi har wanda bai taɓa ɗora yatsa bisa kwamfuta ba.

Sha'anin tsaron na'ura ya kasu aiki biyu, mutane kuwa sukan haɗa su wuri guda. Akwai aikin mai gadi, watau wanda ke zaune dare da rana yana duban abin da ke shiga da fita, in ya ga motsin da bai yarda da shi ba ya yi kururuwa. Akwai kuma aikin magini, wanda tun ba a sa tubali ba yake yanke inda ƙofa za ta kasance, da wanda za a ba mabuɗin kowane ɗaki. Duk wanda ya san gidan attajiri na dauri ya san wannan hikima: baƙo ya tsaya a zaure, wanda aka sani ya wuce shigifa, cikin gida sai da iso, turaka kuwa sai mai gida. Ko ɓarawo ya sami shiga zaure, da sauransa. Masu wannan fanni haka suke raba na'urorin ma'aikata kashi kashi, don kada wanda ya fasa ɗaya ya sami duka. In magini ya yi gida falo guda, to, mai gadi ko goma ne wahala kawai za su sha.

Abin da ya sami Babban Bankin ƙasar Bangladesh ya isa misali. A daren Alhamis 4 ga Fabrairu 2016, waɗansu ɓarayi suka aika da umurni 35 da sunan bankin, ta hanyar SWIFT wadda bankunan duniya ke aika wa juna saƙon kuɗi, zuwa ga bankin gwamnatin Amurka da ke New York inda Bangladesh ke ajiya. Jimlar abin da suka nema ta kusa dala miliyan dubu. Ba a daren suka shiga ba. Binciken Amurka ya nuna tun shekarar da ta gabata suka aika wa ma'aikatan bankin wasiƙu kamar na mai neman aiki, da mugun abu a ɓoye ciki, aka buɗe, suka sami wurin zama, suka yi ta rarrafe daga na'ura zuwa na'ura har suka kai ga ɗakin aika kuɗi.

Sa'an nan suka zaɓi lokaci da wayo. Juma'a ranar hutu ce a Bangladesh, Asabar da Lahadi hutu ne a New York, Litinin kuwa ta faɗa kan bikin sabuwar shekarar Sinawa a ƙasar Filifin inda aka nufa da kuɗin. Akwai injin da ke buga takardar shaida duk sa'ad da kuɗi ya fita, suka toshe shi. Ma'aikaci ya zo ran Juma'a ya tarar ba takarda, ya ɗauka lalacewa ce irin ta kullum. Kafin a farga, umurni biyar sun wuce, na dala miliyan 101. Miliyan 20 da aka nufa Sri Lanka an tsare su domin ɓarayin sun yi kuskuren harafi a sunan wanda za a biya, wani banki na tsakani ya yi tambaya. Miliyan 81 suka isa Filifin, suka narke cikin gidajen caca, abin da aka iya maidowa a shekarar bai wuce kimanin miliyan 15 ba. Gwamnan bankin, Atiur Rahman, ya sauka daga muƙaminsa a watan Maris.

Abin lura a nan shi ne abin da 'yan sandan ƙasar suka faɗa bayan bincike: bankin ba shi da katangar da ke tace saƙo tsakanin na'urorinsa da waje, kayan da ya haɗa na'urorin da su kuwa na gwanjo ne, na wajen dala 10. Ba wani sihiri aka yi ba. Ɗakin da ya kamata ya zama turaka an bar shi da ƙofa zuwa zaure. Abin da ya hana hasara ta kai miliyan dubu kuwa, kuskuren rubutun ɓarawo ne da shakkar ma'aikatan New York, ba tsarin bankin ba.

Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda 'yan kasuwa masu shigo da kaya ta Ikko suka san akwatunansa, ya ga irin wannan ranar 27 ga Yuni 2017. Wata cutar na'ura mai suna NotPetya ta shiga ta wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukren, ta bazu cikin ofisoshinsa na duniya cikin ɗan lokaci kaɗan. Sai da ya sake shirya kwamfuta 45,000 da manyan na'urori 4,000, hasararsa ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300. Kundin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izininsu yana da kofe da yawa, amma duk a haɗe suke, suka mutu tare. Kofe guda ya tsira a wani ofishinsa na Afirka ta Yamma, domin an ɗauke wuta a lokacin, na'urar ba ta kan layi. Ɗaukewar wutar da kowa ke kuka da ita, ita ta yi aikin da ya kamata magini ya yi da gangan.

Ilmin nan ba baƙo ba ne ga ma'abota littafi. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9 na Miladiyya, Ya'aƙubu bn Ishaƙ al-Kindi ya rubuta risala kan warware rubutun ɓoye, ya nuna in aka ƙidaya alamar da ta fi yawa cikin wasiƙar sirri, aka gwada ta da harafin da ya fi yawa cikin harshen, kamar alif da lam a Larabci, asiri zai tonu. Gwanaye da alarammomi waɗanda suka saba da sanin sau nawa kalma ta zo ba za su ji baƙuncin wannan dabara ba. A 1883 wani malami a Faransa, Auguste Kerckhoffs, ya kafa ƙa'idar cewa kada tsaro ya dogara ga ɓoye yadda aka ƙera kwaɗo, ya dogara ga mabuɗi kaɗai, domin yadda aka ƙera zai fita ko ba jima ko ba daɗe. A 1975 kuma Saltzer da Schroeder na Amurka suka tsara ƙa'idodi takwas waɗanda har yau da su ake fara karantar da mai koyo. Daga cikinsu akwai cewa kada a ba kowa izini fiye da abin da aikinsa ke bukata, in na'ura ta rikice ta rufe ƙofa, kada ta buɗe, kuma babban al'amari kada ya gudana da hannu guda. Attajirin da ya raba mai riƙe littafin lissafi da mai riƙe mabuɗin sito ya riga ya san ta ƙarshen.

To, in ƙa'idodin sanannu ne tun shekara hamsin, me ya sa maginan suka yi ƙaranci? Domin sanin ƙa'ida daban, iya aiki da ita cikin banki mai rassa ɗari da tsofaffin na'urori daban. Ƙungiyar ISC2, wadda ke ba da shahadar nan da ake kira CISSP, ba ta ba da ita cikakkiya ga wanda ya ci jarrabawa kawai. Sai ya yi shekara biyar yana aikin, sa'an nan wani mai shahadar ya tsaya masa. Wannan ya yi kama da yadda ɗalibi ba ya samun ijaza don ya sayi littafi, sai ya durƙusa gaban malami ya ɗauka baki da baki. Kuɗin jarrabawar kaɗai a 2024 dala 749 ne, mai karatu ya juya shi zuwa naira ya gani. Ƙungiyar ta ƙiyasta a shekarar nan ta 2024 cewa duniya na bukatar ƙarin ma'aikatan wannan fanni kimanin miliyan 4.8. Ko da yake mai sayar da shahada ba zai rasa cewa ana bukatarta ba, ƙarancin dai gaskiya ne.

A Nijeriya an yi yunƙuri. An kafa dokar laifuffukan intanet a 2015. A 2018 Babban Banki ya fitar da tsarin da ya wajabta wa kowane banki naɗa babban jami'in tsaron na'ura. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe na musamman na wannan ilmi, kuma a 2023 Gwamnati ta buɗe shirin horar da matasa miliyan 3 kan sana'o'in na'ura, har da tsaro. Duk abin yabo ne. Amma fa horon wata uku mai gadi yake fitarwa, shi ma ɗan koyo. Magini sai ya fara da haɗa waya da rubuta manhaja, ya ga gini ya faɗi a gabansa, ya zauna ƙarƙashin wanda ya fi shi shekaru da yawa. Nan ne cikas yake, domin wanda ya kai wannan matsayi shi ne wanda kamfanonin Ingila da Kanada ke zawarci da albashin fam da dala, wani ma yana zaune a ɗakinsa yana yi musu aiki. In manya suka tafi, ƙanana sun rasa gaban wanda za su durƙusa, sai a tara masu takarda, a sayo tsari daga waje wanda ba wanda ya san cikinsa.

Batun kuɗin horon ma bai daidaita ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari bisa kuɗin da ake turawa ta na'ura, a zuba shi asusun tsaron intanet ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A watan Mayu Babban Banki ya umurci bankuna su fara cira, watau naira 5,000 cikin kowace miliyan guda. 'Yan kasuwa da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ca, da hujja kuwa, domin mai saye da sayarwa da riba kaɗan wanda kuɗinsa ke juyawa sau da yawa a mako shi zai fi jin jiki, kuma ba a bayyana wa jama'a kashi nawa zai tafi ga horar da mutane ba. Kafin watan ya ƙare aka dakatar da cirar, Babban Banki ya janye takardarsa.