Raddi ga masu cewa kwalba duk kwalba ce

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin matasan ma'aikatan lab daga Jega zuwa Aliero da Maiyama, wai gwajin iskar jini ba sai da sirinji na musamman ba, kwalba mai koren murfi ta wadatar. Wani ɗan'uwa har ya kafa mata hujjoji. Niyyarsa kyakkyawa ce, yana son rage wa majinyaci kashe kuɗi, sai dai hujjojin ba su kai ba.

Ya ce ai koriyar kwalba akwai hefarin a ciki, jini ba zai daskare ba. Gaskiya ne. To amma daskarewa kaɗai muke gudu? Abin da ake aunawa iska ce da ke narke cikin jinin jijiya mai bugawa, wadda ake soka a wuyan hannu. A jikin lafiyayye oksijin 80 zuwa 100 ne, kabon dayoksaid 35 zuwa 45. Iskar ɗaki kuwa oksijin ɗinta kusan 160, kabon dayoksaid bai kai 1 ba. Kwalba tana da sarari a samanta, kuma sai an buɗe ta kafin na'ura ta zuƙa. Nan take kabon dayoksaid zai fice kamar gas ɗin lemon da aka buɗe, oksijin ya shiga. Majinyacin da ke haki, oksijin ɗinsa 55, sai takarda ta nuna ya fi haka, likita ya rage masa iska. Shi ya sa ake ɗiba da sirinji mai busasshen hefarin, a fitar da kumfar iska nan take, a toshe bakin, a murza shi tsakanin tafukan hannu.

Kwalba mai murfi launin shunayya kam ba a ma maganarta: sinadarinta yana kama kalsiyam, ya ƙara fotasiyam.

Ya ce to a kurkure sirinji na yau da kullum da hefarin na ruwa. Nan ya ɗan kama hanya, domin ana yin haka idan babu yadda za a yi. Sharaɗin shi ne a matse ruwan tas, don ragowarsa yana tsarma jini ya rage kabon dayoksaid da kalsiyam.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta ƙarshe: wai a sa sirinjin cikin kula da ƙanƙara a ba direba ya kai Birnin Kebbi. Haba malam! Sirinjin roba iska na ratsa shi, sanyi kuma yana ƙara jawo oksijin ciki. Ƙa'idarsa a auna cikin minti 30, ba tare da ƙanƙara ba. Na gilashi aka yarje wa ƙanƙara.

Ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jega, ku riƙe wannan: inda babu na'ura a kusa, a maƙala wa majinyaci ma'aunin oksijin a yatsa, a tura shi da kansa asibitin da ke da ita.