Gurbi ɗaya cikin ashirin na naƙasassu ne

Jama'a, kowa ya san yadda ake yi a garuruwanmu. In Allah ya ba mutum ɗa makaho, ko kurma, ko wanda shan inna ya taɓa ma ƙafa, sai a bar shi ƙuryar ɗaki. In ya tasa a miƙa masa ƙoƙo, ran kasuwa a kai shi bakin tasha. Ƙannensa su tafi lakwal, shi ya tafi bara. Mutane da yawa sun ɗauka haka abin yake tun fil azal. To, dokar Nijar ba haka ta ce ba.

Ran 2 ga watan Maris na 1993 gwamnati ta fid da doka mai lamba 93-012 don kare naƙasassu. A cikinta aka ce duk ma'aikata, ta gwamnati ko ta ɗan kasuwa, in ma'aikatanta sun kai 20, dole ta ware wa naƙasassu gurbi 5 cikin 100. Lissafin ba wuya. In mutum 20 ke aiki, ɗaya nasu ne. In 100 ne, biyar nasu ne. Dokar aiki ta 2012 ta ƙara da cewa mai gida ba shi da ikon ƙin ɗaukar mutum, ko rage masa albashi, ko korarsa, don naƙasa, ko don ciwon sida, ko amosanin jini. Shekara ta 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, kuma a watan Disamba na 2019 aka yi sabuwar doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su cikin al'amuran jama'a. Ƙidayar 2012 ta sami naƙasassu sama da dubu 700 a ƙasar nan. Wannan ba ƴan tsiraru ba ne.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Gurbin nan ba a kai shi gida. Ran da aka buɗe ɗaukar ma'aikata, abin da ake tambaya takardu ne: ta haihuwa, ta ɗan ƙasa, ta gama karatu. Yaron da aka ɓoye ba a yi masa ko ta haihuwa ba, don uban yana ganin asarar tafiya ce zuwa gidan magajin gari. Ya girma bai san baƙi ba, balle ya san akwai wata doka da ta ambace shi. Sai gurbin ya tafi ga ƴan birni kaɗan da suka yi karatu, ko a cike shi da mai lafiya ba wanda ya tanka. Kafin mai ma'aikata ya nuna wa yaron nan bambanci, an riga an nuna masa a gidansu. Iyaye ba mugunta suke yi ba, tausayi ne da kunyar bakin mutane, amma yaro ne ke biya.

Gurgu dai kansa lafiya lau. Abin da ke tsakaninsa da aji tafiya ce, kuma amalanken da ke kai taki gona yana iya kai yaro lakwal. Makafi suna da makarantarsu a Yamai mai sunan Soli Abdurahamane, inda ake karatu da yatsa kan rubutu mai tudu-tudu. Kurame ma suna da tasu a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram. Babba wanda shekarun lakwal suka wuce shi, ajin yaƙi da jahilci ba ya tambayar ƙafa ko hannu. In ɗakin na da dakali mai tsawo, ƴan aji su zuba ƙasa su yi gangare, aikin hantsi ɗaya ne.

Sarakunan makafi da na guragu suna da nauyi a nan, tun da jama'arsu na jin maganarsu. Su bi gida gida su san yara nawa ne ba su da takarda. Wanda lokacin yi masa ta haihuwa ya wuce, alƙali na iya yi masa wadda ke maye gurbinta, in an zo da shaidu. Wanda kuwa aka hana shi aiki ko aka kore shi don naƙasa, ya kai kuka wurin mai duba harkar ma'aikata na jiharsa, kuma ya nemi ƴan tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa su raka shi. Kada ya tafi hannu banza, ya riƙe duk takardar da ma'aikatar ta taɓa ba shi.

Ranar naƙasassu ta ƙasa 31 ga watan Yuli ce, tsakiyar damina. Masu gari su sa a yi shela tun da wuri, don kada noma ya hana mutane zuwa.