RA'AYINMU: KEKE DA HANYAR BURJI

A shekarar 2006 waɗansu mahaya keke su 34 suka taru a wani ƙaramin gari mai suna Emporia a Jihar Kansas ta ƙasar Amurka, suka yi tseren mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa da suka ratsa makiyayar shanu. Wannan tsere, wanda aka sauya wa suna zuwa Unbound Gravel a 2020, ya bunƙasa har dubban mutane ke neman shiga kowace shekara. Dalilin da ya kore su daga kwalta ba ɓoyayye ba ne, wato motoci sun yi yawa, gudunsu ya tsananta, mai keke kuwa ba shi da garkuwa sai fatar jikinsa. Saboda haka suka koma hanyoyin karkara inda mutum zai yi tafiya mai nisa bai ji ƙugin mota ba. Masu ƙera kekuna suka bi su da keke mai faffaɗar taya, wajen milimita 40 ko fiye, domin ta riƙe ƙasa a kan tsakuwa da rairayi. Abin ya kai har hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar zakarun wannan fanni karo na farko a ƙasar Italiya a 2022. A nahiyarmu ma an fara irin wannan tsere na kwana huɗu a yankin Masai Mara na ƙasar Kenya a 2021.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan Ƙungiyar Ɗalibai da wasan Turawa? Ruwanmu kuwa shi ne, abin da waɗannan mutane ke kashe maƙudan kuɗi su nema yana shimfiɗe a bayan katangar jami'armu. Hanyar burji mai jar ƙasa, da turbar da ta ratsa gonakin dawa, da burtalin shanu, su ne manyan titunan talakan ƙasar nan tun kaka da kakanni, keke kuwa shi ne dokin ƙarfensa. A kan tsohuwar Raleigh ko Phoenix manomi ke ɗora buhun masara ya kai kasuwa, a kanta malamin firamare ke zuwa makaranta, a kanta ake goya mara lafiya zuwa shamagani idan babu babur.

Sai dai akwai bambancin da bai kamata mu rufe ido a kansa ba. A lardin Tuskani na Italiya an kafa wani hawan keke mai suna L'Eroica a 1997, ɗaya daga cikin manufofinsa kuwa ita ce a hana malala kwalta a kan tsoffin hanyoyinsu na farar tsakuwa. Su suna roƙon a bar musu tsakuwa don marmari, mutanen ƙauyukanmu kuwa suna roƙon a kawo musu kwalbati don kada ruwa ya raba su da asibiti da damina. Duk ɗalibin da ya hau keke ya shiga ƙauye yana yaba kyan ƙura, alhali bai lura da wahalar masu shaƙar ta kullum ba, ɗan yawon buɗe ido ne a ƙasar ubansa, kuma ba irin wannan hawa muke kira a yi ba.

Abin da ke damunmu shi ne yadda ɗalibi yakan shekara huɗu ko biyar a jami'a, ya san kowane lungu na ɗakin karatu da kowace tashar mota, amma bai taɓa taka ƙauyen da ake kawo masa nono da tumatir daga cikinsa ba. Daga cikinmu ne gobe za a sami injiniyan da zai zana hanya, da likitan da za a tura karkara, da jami'in da zai tsara kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Yaya wanda bai san inda hanya ke yankewa a watan Agusta ba zai san inda za a kafa gada? Gwamnatocin baya sun gane wannan giɓi. A 1976 an tura ɗaliban manyan makarantu gonaki lokacin dogon hutu a ƙarƙashin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo, a 1986 kuma gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI don buɗe hanyoyin karkara. Shirye-shiryen nan sun zo sun wuce, nisan da ke tsakanin ɗan boko da ƙauye kuwa yana nan. Hausawa sun ce gani ya kori ji, keke kuwa shi ne abin hawan da ke barin mutum ya gani, domin ba ya gudun da zai hana sallama, ba ya kuma neman mai, wanda kowa ya san yadda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023.

Ba mu manta da babbar matsala ba. Hanyoyin karkara da dama a jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Neja sun zama abin tsoro saboda 'yan bindiga da masu satar mutane, shirun da Ba'amurke ke nema a daji kuwa, a wurinmu wani lokaci alamar haɗari ce. Ba za mu shawarci kowa ya sayar da ransa don motsa jiki ba. Amma idan tsoro ya kulle masu ilmi a cikin katanga har abada, to, an bar mutanen ƙauye su kaɗai da masifarsu, ba mai gani, ba mai rubutawa. Maganin abin shi ne tsari da shawara.

Don haka muna kira ga Majalisar Zartarwa ta Ƙungiyarmu da ta kafa kulob na mahaya keke kafin ƙarshen wannan zangon karatu. Ba a bukatar keken miliyoyi. Tsohon keke mai lafiyayyen birki da taya mai kauri ya wadatar, in an haɗa da famfo da kayan faci da gorar ruwa da hular kwano. A riƙa fita cikin ayari da sassafe a dawo kafin rana ta take, a kuma fi ba da ƙarfi a lokacin kaka da hunturu sa'ad da hanyoyi suka bushe. Kada a nufi wani ƙauye sai an nemi shawarar jami'an tsaron jami'a, an kuma aika wa dagaci ko mai unguwa tun da wuri. Inda suka ce kada a je, a haƙura. A sauka daga keke a gai da dattawa, a kauce wa shuka, a ba garke hanya a burtali, kada kuma a ɗauki hoton kowa ba da yardarsa ba. 'Yan'uwanmu mata masu sha'awa a tanadar musu wuri cikin mutunci, tun da Ƙungiyar ta kowa ce.

A namu ɓangaren, wannan mujalla ta yi alkawarin keɓe shafi guda a kowace fitowa don rahoton abin da mahayan suka gano: kwalbatin da ya rufta, rijiyar burtsatsen da ta lalace, makarantar da iska ta yaye wa rufi, tare da sunan ƙauyen da nisansa. Za mu aika da kofe ga shugaban ƙaramar hukumar da abin ya shafa, mu kuma buga amsarsa idan ya bayar. Allah ya kiyaye hanya, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.