Zanen Mutum Aiki Ne, Ba Wasa Ba

Zuwa ga Edita,

Ga wasiƙata ta wannan mako daga ƙasar Kazaure.

Ran nan na sauka wani gari a ƙasar Roni, na iske ana yi wa wani yaro faɗa don ya ɓata bango da gawayi. Da na duba, ashe wani tsoho mai tallan goro ya zana. Rawani ya fita sarai, amma kai ya yi ƙato, hannu kuwa har idon sawu. Malaminsa ya ce wasan banza ne. Ni ko na ce rashin mai koyarwa ne.

Jama'a, ku sani zanen mutum ilmi ne hawa-hawa, kamar karatun allo. A makarantun zane na Faransa, a ƙarni na 19, ba a fara ɗalibi da mutum mai rai. Sai ya kwaikwayi zanen gwanaye tukuna, yadda almajiri kan bi rubutun malaminsa. Daga nan a ajiye masa mutum-mutumi na filasta, ya koyi inda haske ke sauka da inda inuwa ke taruwa. Sai hannunsa ya faɗa kana a kawo masa mutum. Ya miƙe hannu, ya kanne ido ɗaya, ya auna da fensir, ya tarar tsawon baligi kusan tsawon kansa bakwai da rabi ne. Ga kuma haddar ƙasusuwa da tsoka, don riga ba ta kwanciya sai bisa abin da ke ƙarƙashinta.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: gawayin itace mai laushi, takarda mai ɗan kaushi, da tsakiyar burodi don gogewa. Tsadar tana ga lokaci, da wahalar wanda ake zanawa. Akan shata wurin ƙafafunsa da alli, don in ya huta ya koma daidai inda yake. Wanda ya taɓa tsayuwa gaban alƙali ya san nauyin minti ashirin ba motsi! Haƙƙinsa ne a biya shi.

Kada a ce abin Turawa ne kaɗai. Aina Onabolu, mutumin Ijebu Ode, ya tafi Ingila a 1920 ya koyo shi, ya komo ya koyar a Ikko. A 1955 aka kawo sashen koyon zane Zariya, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta gada a 1962. Nan su Yusuf Grillo suka yi karatu.

Batun hukuncin sura na bar wa malamai, su ne masu abin. Roƙona ga malaman makarantun Babura da Gwiwa da sauransu: gawayi dai akwai a kowane murhu, ku ba yaran takarda.

Shi wancan yaro na ba shi warƙa goma, na nuna masa awon kai, na ce ya roƙi tsohon ya zauna masa, ya kuma sayi goronsa. In na koma Roni za ku ji yadda aka ƙare.

Wassalam,
Tsohon Malami, Kazaure.