Kyamara Ma Tana Da Son Kai

'Yan uwa marubuta. Duk lokacin da aka yi wa ɗayanmu gyara kan labarin da ya gina a arewacin Zamfara, amsar ɗaya ce: "Ni kamar kyamara nake, abin da na gani na rubuta." To, wace kyamarar?

Gilashin kyamara na yau da kullum an ƙera shi ne don ya bar layi a miƙe, bango ya fito bango. Farashin wannan kyau shi ne ƙunci: ba zai taɓa ɗaukar digiri 180 ba, dole ya yanke gefe. Akwai kuma gilashin idon-kifi. Masanin kimiyya na Amurka Robert Wood ne ya raɗa masa sunan a 1906, don kifi daga cikin ruwa yana ganin sama gaba ɗaya a dunƙule cikin da'ira. A 1924 Robin Hill na Ingila ya ƙera irinsa don ɗaukar gajimare. Gilashin gabansa mai tudu ne, yana lanƙwaso hasken da ke zuwa daga gefe ya tura shi ciki. Bango zai karkace, tsakiya ta kumbura, amma kowa ya shigo, wani lokaci har ƙafar mai ɗaukar hoton.

Yawancinmu ƙuntataccen gilashi muke riƙe da shi. An ambaci Zurmi, bindiga. An ambaci Shinkafi, kuɗin fansa. Ina kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da fataken da ke cika ta? Ina layin dogon da ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ya tsaya nan? Ina ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin? Duk mun yanke su don hoton ya fi sayuwa.

Za a ce ai kashe-kashen gaskiya ne. Ƙwarai kuwa, kuma wanda ya ɓoye su ya ci amanar mamata. Ka sa su a tsakiya. Sai dai idan mai karatu bai ga gonar da aka bari da bikin da aka fasa ba, ba zai san girman asarar ba, gawa kawai zai ƙirga.

Kafin ka turo labarinka na mako mai zuwa, duba gefensa. Wa ka yanke? Kai kuma a ina kake tsaye, a Zurmi ko a ɗakinka a Kano kana karanta Facebook? Wanda bai yarda ba, ga fili.