Labaran Yamma Sun Zama Dillalin Shirin Dare

Duk wanda ya saba kallon labaran yamma na BBC a ranar Litinin ya san salon. Mai karanta labarai zai sanar da cewa binciken BBC ya bankaɗo wata ɓarna a gidan kula da tsofaffi ko a wani asibiti, a nuna hotunan da aka ɗauka da ɓoyayyar kyamara, a ji ta bakin wanda abin ya shafa, sannan a rufe da cewa ana iya ganin cikakken bayani a shirin Panorama yau da dare. Channel 4 tana yi wa Dispatches haka, CBS a Amurka tana yi wa 60 Minutes, ABC ta Ostareliya tana yi wa Four Corners. Abin ya zauna daram har ma'aikatan gidajen ba sa ganinsa a matsayin abin tattaunawa. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne babu wani aibu: bincike ai labari ne, gidan ne ya kashe kuɗinsa da watanninsa ya tono shi, don me zai ɓoye abin da ya samo da guminsa? Ni kuwa ina ganin akwai aibu babba, domin tashar da ta mai da labaranta dandalin tallar shirinta ta sayar da abin da ya sa ake sauraron labaran tun farko, wato amincewar mai kallo da cewa abin da aka sa masa a gaba an sa shi ne saboda muhimmancinsa.

Labaran yamma galibi ba su wuce rabin sa'a ba, kuma abin da ke faruwa a duniya cikin yini guda ya fi ƙarfin rabin sa'a nesa ba kusa ba. Don haka babban aikin edita shi ne zubarwa: ya bar ɗaruruwan rahotanni ya ɗauki ƙalilan, ya jera su daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi. Wannan jerin shi kansa hukunci ne. Idan aka buɗe da wani labari, an gaya wa mai kallo ke nan cewa yau babu abin da ya kai wannan, ko da ba a furta hakan da baki ba. To, a duba yadda labarin shirin gida yake shigowa. Ana ɗaukar watanni ana binciken, lauyoyin tashar su tace shi, a aika wa waɗanda ake zargi takarda don su kare kansu, sannan masu tsara jadawali su zaɓi daren da za a nuna shi. Ɓarnar da aka gano tana nan tun makonnin baya, kuma 'yan jaridar sun san da ita. Me ya sa sai ranar Litinin ta zama labari? Saboda ranar Litinin shirin zai fito. Jadawali ne ya ba ta kujerar gaba, amma mai kallo yana ɗauka cewa awon edita ne. Ga kuma rowar da ake haɗawa da ita: sau da yawa somin-taɓi kawai ake bayarwa, a riƙe ƙashin bayan maganar sai dare. Rahoton da aka shirya shi da niyyar kada ya ƙosar da mai kallo ya saɓa wa aikin labarai tun daga tushe.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu kare wannan ɗabi'a ita ce wasu daga cikin binciken nan manyan labarai ne na gaske, kuma ba zan musa ba. A 2011 Panorama ta nuna yadda ake azabtar da masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitin Winterbourne View kusa da Bristol, aka rufe wurin, aka ɗaure wasu daga cikin ma'aikatan. Mutanen Kano ma ba su manta da Sweet Sweet Codeine ba, binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a ƙarshen Afrilun 2018. Tun a 2017 an ambata a Majalisar Dattawan Najeriya cewa ana shan kwalba miliyan uku na maganin tari mai kodin kullum a Kano da Jigawa, amma sai da kyamara ta kama ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da shi ta bayan fage sannan gwamnati ta haramta haɗa shi da shigo da shi, washegarin fitar shirin. Editan da ya ƙi saka wannan a labaransa ya cancanci a karɓe masa kujera. Sai dai irin waɗannan suna da alama guda: kowa yana ɗaukarsu, har abokan gogayya. Lokacin da ITV ta fallasa Jimmy Savile a shirinta na Exposure a Oktoban 2012, BBC ba ta da yadda za ta yi sai ta ba da labarin, alhali tsohon tauraronta ne. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane rahoto a kai: da a ce tashar maƙwabta ce ta yi binciken, za mu ba shi minti huɗu a farkon labaranmu? Mafi yawan abin da ake turowa mako-mako ba zai haye ba, kuma shaidar ita ce da wuya ka ga binciken Dispatches na yau da kullum a labaran BBC, ko na Panorama a labaran ITV.

Asarar da ta fi wannan muni tana bayyana ne ranar da shirin ya yi kuskure. Ɗakin labaran da ya tsaya wa shiri da yamma ya riga ya zama mai shaida a kansa, kuma dillalin da ya rantse da ingancin kaya ba shi ne zai fara cewa algus ne ba. A 8 ga Satumba 2004, wata biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa, 60 Minutes na ranar Laraba ya nuna wasu takardu da ke cewa an yi wa George W. Bush gata lokacin da yake rundunar tsaron sama ta jihar Texas. Wanda ya gabatar da rahoton shi ne Dan Rather, kuma shi ne dai mai karanta labaran yamma na CBS. Cikin sa'o'i aka fara nuna shakku a kan takardun, ana cewa rubutunsu ya fi kama da na kwamfuta fiye da na tafiretar shekarun 1970. Maimakon labaran yamma su binciki maganar kamar yadda za su yi wa kowace tasha, sai suka zama lauyan shirin, Rather yana zaune a kujerar labarai yana kare aikin hannunsa. Sai bayan kwana goma sha biyu tashar ta amsa cewa ba za ta iya tabbatar da sahihancin takardun ba. Kwamitin da aka kafa daga waje ya soki wannan kariya ta ido rufe kamar yadda ya soki rahoton kansa. Aka sallami furodusar rahoton, Rather kuma ya bar kujerar a Maris 2005.

BBC ma ta sha wannan ruwa, kuma nata ya fi daɗewa. Hirar da Martin Bashir ya yi da Gimbiya Diana a Panorama a Nuwamban 1995 ta tara masu kallo kusan miliyan 23, tashar kuma ta daɗe tana tinƙaho da ita. A Afrilun 1996 jaridar Mail on Sunday ta buga cewa Bashir ya sa an ƙirƙiro takardun banki na jabu. Labari ne da kowane ɗan jarida zai yi tsalle a kansa, amma shirye-shiryen labaran BBC suka yi gum. Sai bayan shekara 25, a Mayun 2021, tsohon alƙali Lord Dyson ya tabbatar da yaudarar, ya ce an yi rufa-rufa, ya kuma ambaci shirun da labaran tashar suka yi a cikin laifukan. A Nuwamban 2025 ma, shugaban BBC Tim Davie da shugabar sashen labarai Deborah Turness sun yi murabus saboda wani Panorama na 2024 da ya liƙa sassa biyu na jawabin Donald Trump na 6 ga Janairu 2021, waɗanda ke da tazarar fiye da minti 50, kamar a numfashi ɗaya aka faɗe su. An ta da maganar a cikin gida tun da wuri, amma jama'a daga jaridar Telegraph suka ji. Za a ce ai BBC tana sukar kanta, kuma gaskiya ne: a 2012 Panorama ta binciki yadda shirin BBC na Newsnight ya ajiye rahoton Savile, kuma hirar da John Humphrys ya yi da shugaban tashar George Entwistle a rediyon BBC ta taimaka wajen saukarsa bayan kwana 54 kacal a ofis. Amma a duk waɗannan, na waje ne ya fara fasa ƙwan. Ɗakin labaran da ke da hanzarin sanar da nasarar ɗan gida sa'o'i kafin a nuna ta, shi ne mai nawa in maganar kuskurensa ce.

Sauran hujjojin ba su da nauyin wancan. Ana cewa bincike yana cin kuɗi, masu kallo suna gudu zuwa YouTube da Netflix, kuma idan ba a jawo su ta labarai ba shirin zai mutu. Damuwar gaskiya ce, amma kowace tasha tana da filin sanar da shirye-shiryenta a tsakanin shiri da shiri, har BBC da ba ta saka tallar 'yan kasuwa a tashoshinta na cikin gida. Ana tsallake wannan fili a kutsa cikin labarai ne don dalili ɗaya: abin da mai karanta labarai ya faɗa yana da kwarjinin da sanarwa ba ta da shi, kuma wannan kwarjinin ake ara. Ana kuma cewa mai kallo ba yaro ba ne, ya san talla in ya gani. Wataƙila ya gane abin da aka nuna masa, amma ba shi da hanyar sanin rahoton da aka jefar don a samu wuri, ko na ambaliya ne ko na yaƙin Sudan. Mu da muka saba jin taron ƙungiya ko bikin naɗin sarauta da aka biya kuɗi aka cusa cikin labaran tashoshin jiha ba ma wahalar kiran wancan da sunansa. Bambancin kawai shi ne a Landan da New York kuɗin ba ya fita daga aljihun wani, riba ce ta masu kallo take komawa asusun gida.

Gyaran ba ya buƙatar a hana ɗakin labarai taɓa binciken 'yan uwansa. Idan rahoton ya haye ma'aunin tashar maƙwabta, a ba da shi gaba ɗaya, da sunaye da hujjoji da martanin wanda ake zargi, yadda wanda bai kalli shirin dare ba bai rasa komai na asali ba. Idan bai haye ba, a bar shi a filin sanarwa. Editan labarai ne kaɗai zai yanke wannan, ba tare da an kira shi daga ofishin masu jadawali ba. Kuma duk shirin da aka ba shi minti huɗu a farkon labarai, ranar da aka same shi da kuskure a ba gyaran minti huɗu a wuri guda, ta bakin wakilin da ba shi da hannu a aikin.