A SAUƘAƘA WA 'YAN FANSHO A MAIDUGURI

Duk wanda ya bi ta ofisoshin da ake tantance 'yan fansho a Maiduguri ya san abin da ake gani: tsofaffin malaman makaranta, masinjoji da ma'aikatan asibiti zaune a gindin darbejiya, kowa rungume da ambulan. Wani daga Biu ya taso, wani daga Monguno, wani jikansa ne ya riƙo masa sanda. Idan layi ya zo kansa, sai akawu ya nemi takardar ɗaukarsa aiki ta shekara 35 da suka wuce. In babu, sai a ce ya je ya dawo.

To, ina zai samo ta? A 2014 Boko Haram ta kama Gwoza da Bama, mutane suka gudu da rigar jikinsu kawai. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanni kamar Gwange. Wanda ya tsira da takardunsa a karon farko, da wuya ya tsira da su a na biyu. Alhali gwamnatin da ta ɗauke shi aiki, ta biya shi albashi wata-wata, ita ya kamata fayil ɗinsa ya kasance a hannunta.

Ba wanda ke musun amfanin tantancewa, domin an daɗe ana cin kuɗi da sunayen matattu. Amma ba a kan layi ɓarayin suke ba. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa gyaran harkar fansho a 2010, shi Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ɗaure shekara 8 a 2021 saboda halatta kuɗin haram wajen Naira miliyan dubu 2. Shi ya ci, tsoho ke shan rana.

Hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 domin 'yan fanshon Tarayya na tsohon tsari, ta fito da hanyar da mutum zai tabbatar yana raye ta wayar salula. Madalla. Sai dai makaho ko mai shanyewar ɓarin jiki, wanda ko karatun boko bai yi zurfi ba, dole ya biya yaron shago ya latsa masa.

Ya kamata Gwamnatin Jihar Barno da ta Tarayya su tura ma'aikata gidajen marasa lafiya, su ajiye mai jin Kanuri da Babur a kan tebur, wanda takardarsa ta salwanta kuwa a duba fayil ɗinsa, ko a karɓi rantsuwar kotu da shaidar hakiminsa.